Na'urar gwada kamun kwalta: ta fizga, ta murɗawa ko ta Leutner, wacce za ka saya?

Duk wanda ya taɓa ganin sabuwar shimfiɗar titi tana ɓarewa kamar ɓawon dankali a wurin da tirela ke taka birki ya san matsalar, ba kwaltar ba ce ta lalace, shimfiɗar saman ce ba ta kama ta ƙasan ba, ko ruwan kwaltar da aka fesa a tsakani ya yi kaɗan ko kuma an fesa shi kan ƙura. To idan kai ɗan kwangila ne ko kana haɗa ɗakin gwaji, gwaji uku ne a gabanka kuma dukansu suna cikin ƙa'idar Turai EN 12697-48.

Na Leutner daga Jamus ya fito tun 1979. Za ka yanko kwalta da injin huda, zagaye mai faɗin milimita 150, ka kai ɗakin gwaji, inji ya riƙe ta ƙasa ya ture ta sama ta gefe da gudun milimita 50 a minti har su rabu. Shi ya fi kama da abin da taya ke yi wa titi, kuma in kana da injin Marshall, wato injin matse kwalta na ɗakin gwaji, to kan da ke riƙe kwaltar kawai za ka ƙara saya, kuɗin ya ragu sosai. Amma fa sai shimfiɗa mai kauri, in siririya ce ƙarfen ba ya samun wurin kamawa, murƙushe ta kawai zai yi ya ba ka lambar da ba ta da ma'ana.

Na murɗawa kuma Ingila aka fi saninsa, a liƙa faranti mai milimita 100 a kan wurin da aka yanka a murɗa da sifana mai awo har ya balle. Arha ne, ana yi a kan titi, sai dai hannu ne ke yi, yaronka mai ƙarfi ya murɗa da sauri wani ya murɗa a hankali, lamba biyu kenan a wuri ɗaya.

Ni dai tsakani da Allah in shimfiɗar 'yar siririya ce, irin ta jan dutsen nan da ake liƙawa da gam a kwana ko gaban danja don taya ya kama, ta fizga zan saya. Ka yanka zagaye ya wuce shimfiɗar kaɗan ya shiga kwaltar ƙasa, ka liƙa ƙarfe mai milimita 50 da gam mai haɗi biyu, in ya bushe na'ura ta ja shi sama cak. A wannan faɗin megafaskal 1 (awon ƙarfin kamu) kusan kilonyuton 2 ne (awon ƙarfin jan na'ura), don haka kada wani dila ya sayar maka da babba mai kilonyuton 25 ya ce ita ce mai kyau, a ƙasa-ƙasan awonta za ka riƙa aiki inda ba ta cika daidai ba. A na'urorin fizga akwai Proceq DY-2, akwai PosiTest AT, in aljihu zai ɗauka ɗauki mai injin lantarki wadda ke ja da kanta, ba ta hannu ba.

Abin da masu sayarwa ba sa faɗa shi ne zafi. Yawancin na'urorin nan don kankare da fenti aka ƙera su, ita kuwa kwalta laushi take yi da rana, ka yi gwaji ƙarfe 2 na rana a watan Afrilu a Sakkwato ka ga ƙarfen ya taso da kwalta tana naɗewa kamar alewa. Ka haɗa da ma'aunin zafi, ka yi da sassafe, ka rubuta zafin titin kusa da kowace lamba. Sannan ka juya ƙarfen ka duba gindinsa, in baƙar kwalta ce da tsakuwa a manne to kamun ya fi kwaltar ƙarfi, in fes ya fito a tsakaninsu nan matsalar take, in kuwa gam ne ya saki sai ka sake. Ƙarafan liƙawar ma ka sayi kamar 10, da guda 2 wuni za ka yi kana jiran gam ya bushe.