Wata takwas bayan tiyatar da aka yi mini a gindin wuya

A 2023 na faɗo daga kan motar dankali a kasuwar Farin Gada da ke Jos, kafaɗa ce ta fara dira ƙasa. Tun ranar, ƙashin nan da ya taso daga kafaɗa ya haɗu da ƙashin ƙirji a gindin wuya ya daina zama wuri ɗaya. In na ɗaga hannu sai ya turo gaba, ƙwas, in na sauke ya koma. Sau uku ina zuwa wurin mai ɗori. Ya yi iya yinsa, amma ba karaya ba ce, jijiyoyin da ke riƙe gaɓar ne suka saki.

A asibiti hoton farko bai nuna komai ba, sai da aka yi na CT, hoton na'urar da ke nuna cikin jiki yanki-yanki. Likita ya ce, "Malam, ka gode wa Allah da gaba ya goce. Bayan ƙashin nan maƙogwaro ne da manyan jijiyoyin jini." Bai yi saurin kai ni tiyata ba, wata huɗu na yi ina zuwa gashi tukuna. A nan ya burge ni.

Da ciwon ya ƙi, aka yi aikin. Sun ciro jijiya daga bayan cinyata, suka huda ƙasusuwan biyu, suka zura ta suka ɗaure kamar lamba 8. Na tambaya me ya hana a sa ƙarfe a huta. Ya ce siraran ƙarafa a wannan wurin kan zame su yi tafiya, har su kai zuciya. Ban ƙara tambaya ba.

Inda na ji haushi: sau biyu ana ɗage ranar, don sai likitan ƙirji yana kusa ake farawa, kuma duk biyun sai da na kwana da yunwa aka gaya mini. Sannan babu wanda ya ce mini cinyar za ta fi wuyan ciwo a makon farko.

Mako shida hannu na rataye. Alwala da hannu ɗaya, salla a zaune, ga sanyin Jos na Disamba yana shiga har ɓargo.

Yanzu ƙashin bai sake gocewa ba. Akwai ɗan tudu da tabo, amma ina tuƙi, ina kwanciya ta ɓangaren. Wanda ƙashinsa ke fita ba ciwo, ni dai ba zan ce ya yi tiyatar ba. Wanda ya hana shi neman abinci kamar ni, ya je. Ɗaukar buhu kam na bar wa yara.