Wata Biyu a Ajin Turancin Shagon Kofi na Agege

Ni direba ne. Da can acaɓa nake yi a Ikeja, har gwamnatin Legas ta hana a watan Yunin 2022, sai wani ɗan garinmu ya haɗa ni da wata Hajiya a Ikoyi. Aikin ba laifi, sai dai kullum da safe takan aike ni sayen kofi a wani shago. Broka kam na iya, na daɗe a Legas. Amma brokar kasuwar Mile 12 daban, Turancin 'yan matan da ke bayan kantar nan daban.

Hajiya na da ciwon suga, kuma madarar shanu na ɓata mata ciki. Wata rana na nuna vanilla latte, wani kofi mai madara, a allo na ce "no sugar", yarinyar ta gyaɗa kai. Ashe zaƙinsa ba daga sukari yake zuwa ba, daga wani ruwan zaƙi ne mai kauri da suke kira syrup. Hajiya ta kurɓa sau ɗaya ta ture shi gefe, ta ce, "Kai yaro, kashe ni za ka yi?" Da wasa ta faɗa, amma abin ya tsaya mini a rai. Shi ya kai ni ajin koyon Turancin yin oda a shagon kofi.

Wani malami ɗan Zariya ne ke koyarwa, a wani ɗaki bayan masallaci a Agege, Asabar da Lahadi bayan la'asar. Naira 8,000 nake biya a wata. Ba ya ɓata lokaci a kan nahawu. Tebur yake jawowa ya zama kanta, ya tsaya a baya kamar mai sayarwa, kowa ya zo ya yi oda. In ka yi in-ina sai ya ɗaga murya ya kira na bayanka, kamar yadda za a yi maka a Lekki. Ranar farko na ji kunya ƙwarai, amma ta haka bakina ya buɗe.

Abin da ya sa nake ganin kuɗina bai tafi a banza ba shi ne tambaya. Malam ya ce faɗin abin da kake so abu ne mai sauƙi, ko yatsa ma ya isa. Wuyar ita ce ka san abin da aka zuba a ciki. Sai da muka yi mako biyu muna nanata "What is in it?" da "Does it have alcohol?" da "I can't take milk". Daga nan ya bi da mu sunayen da alade ke ɓuya a bayansu: ham, bacon, lard, da pepperoni wanda galibi akwai alade a cikinsa. Gelatin na wasu kayan zaƙi ma sau da yawa daga fatar alade ake samo shi. Kek ɗin nan tiramisu, wasu da giya suke haɗa shi.

Ranar da ya zo kan Chapman, ajin ya yi tsit. Wa bai sha Chapman a biki ba a garin nan? Fanta da Sprite ne da yankan kokwamba, amma ana ɗiga masa wani ruwa mai ɗaci da ake kira Angostura bitters, shi kuwa kashi 44.7 cikin ɗari nasa barasa ce. Wani dattijo ɗan canji ya yi salati ya ce, "Malam, shekara nawa ina shan abin nan!" Malam ya ce, "Baba, hukuncin a tambayi liman, ni dai nawa in koya muku 'no bitters, please'."

Akwai inda ajin ya gaza. Muryoyin da yake kunna mana a waya na mutanen Ingila ne, alhali wadda za ta amsa maka a Victoria Island 'yar Najeriya ce mai saurin baki. Mu kusan ashirin ne a ɗaki mai fanka ɗaya, in an ɗauke wuta sai gumi. Kuma ya haɗa masu iya karatun boko da waɗanda ba su iya ba, don haka mata biyun da ke zama a baya da ƙyar layi yake kai wa gare su. Na yi masa magana, ya ce zai raba ajin. Har yau shiru.

Duk da haka, wanda ake aike irina, ko mai ciwon da ke hana shi cin wani abu, ya je. Wanda ke neman Turancin jarrabawa ya nemi wani wuri.

Shekaranjiya na tsaya gaban kantar nan na ce a ba ni latte da madarar oat, wadda da hatsi ake yin ta ba ta shanu ba, ba sukari, ba syrup. Yarinyar ta tambaye ni ƙarami ko babba, na amsa ba tare da na nuna da hannu ba. Hajiya ta shanye ba ta ce komai ba. Ni kuwa na tsallaka wurin mai shayinmu na Obalende na ce a haɗa mini kauri da burodin Agege.