Keken Lantarki a Zariya: Nemi Mai Gyara Kafin Ka Biya Kuɗi

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, lissafin mai fita aiki kullum ya sauya a Zariya. Wanda ke zaune a Tudun Wada yana aiki a Samaru, ko mai fitowa daga cikin gari ta Ƙofar Doka ya nufi Sabon Gari, ya san abin da acaɓa da Napep ke ci a albashinsa. Shi ya sa keken lantarki ya fara shiga ran mutane. Ni ma da shi nake zirga-zirga, kuma duk inda na tsaya tambayar ɗaya ce: "Malam, kilomita nawa yake yi kafin caji ya ƙare?" Da wuya ka ji wanda ya tambayi wa ke gyara shi in ya lalace, alhali a nan gizo ke saƙa.

Mu fara da batiri, domin shi ne kaso mafi tsoka a kuɗin keken, shi ne kuma zai riga komai mutuwa. Akwai batirin dalma, ƙanin wanda ke cikin mota, akwai kuma na litiyam. Na dalma yawanci guda huɗu ne masu bolt 12 ake jerawa su ba da 48. Yana da araha, kuma ba sai ka je Kano ko Legas nemansa ba. Amma nauyi gare shi kamar me: guda huɗun nan sukan kai kilo goma sha biyar ko fiye. Ranar da caji ya ƙare maka a Kwangila, kai da shi za ku taka feda har gida, ka ji a cinyarka. Ba ya kuma yafe sakaci. Ka bar shi babu caji na wasu kwanaki, ƙarfinsa ya ragu ke nan, ba ya dawowa. In ɗaya ya mutu cikin huɗun, kada ka yarda a sauya maka shi kaɗai, domin tsofaffin za su ja sabon su kashe shi. Mai hawa kullum ya sa a ransa cewa sauyin batiri zai riƙa zagayowa da wuri.

Na litiyam mai ƙarfi ɗaya da wancan bai wuce kilo uku zuwa huɗu ba, kuma a kekuna da yawa ana zare shi a shiga da shi ofis a jona. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga wanda unguwarsu ke kwana biyu ba a kawo wuta ba. Shi ma kala biyu ne. Akwai wanda aka haɗa da ƙananan batura masu lamba 18650, irin na cikin tsofaffin kwamfutocin tafi-da-gidanka, akwai kuma wanda za ka ga an rubuta LiFePO4 a jikinsa, wanda masu haɗa sola suka sani sarai. Na biyun ya ɗan fi nauyi da tsada, amma ya fi jure zafi, ya fi daɗewa nesa ba kusa ba, kuma bai cika kamawa da wuta ba. Duk wanda ya san ranar Maris da Afrilu a garin nan ya san wannan ba zancen wasa ba ne. In aljihu zai ɗauka, shi zan zaɓa.

Abin tsoro a kasuwar litiyam shi ne haɗin gida: a tsinto matattun baturan kwamfuta, a jera, a naɗe da shuɗiyar leda, a manna takarda mai manyan lambobi. Wata biyu ya fara yanke maka a hanya. Ka tambayi mai sayarwa ko akwai allon kariyar nan da ake kira BMS a ciki, wanda ke hana batiri wuce ƙima wajen caji ko zuƙewa gaba ɗaya. In ya fara kame-kame, ka yi masa sallama.

Batun kilomita kuwa, kada ka dogara da bakin mai shago, ka yi lissafinka. Lambobi biyu ne a jikin batiri, ɗaya da V ɗaya da Ah. Ka ninka su. Mai 48V da 12Ah ya ba da 576, mai 36V da 10Ah ya ba da 360. In totur kaɗai kake murɗawa ba ka taimaka da feda, ka ƙaddara kowace kilomita za ta ci wajen 15 daga ciki. Ka ga na farko bai kai kilomita 40 ba, na biyu kuwa 24. Na dalma ma bai kamata ka zuƙe shi har ƙasa ba, don haka ka rage lissafin sosai. Ka auna tafiyarka zuwa da dawowa, sannan ka sayi wanda zai iya ninkinta, saboda daren da ba a kawo wuta ba.

Caja ma tana cikin ciniki. Mai 2A za ta ɗauki wajen awa shida kafin ta cika batirin 12Ah, sai ka duba ko kuna samun wuta mai tsawon haka. Kowane batiri da cajarsa: litiyam na gama-gari mai 48V yana cika ne a bolt 54.6, mai 36V a bolt 42. Cajar batirin dalma ba ta litiyam ba ce, ko da bakinta ya shiga daidai. Kada ka jona shi kana saukowa daga keke da tsakar rana, bar shi ya huce a inuwa. Kada kuma ka bar shi yana caji a ɗakin kwana ka yi barci, balle a bakin ƙofar da za ku fita in wani abu ya faru.

Sai inji. Wani yana cikin wilin baya, wani yana tsakiya wajen feda yana jan sarƙa. Na tsakiya gwani ne a hawan tudu, amma sai dai in Dutsen Kufena kake shirin hawa kullum, hanyoyin Zariya ba su bukatarsa. Ga tsada, ga cin sarƙa, ga ƙarancin wanda zai buɗe shi. Na cikin wili ya wadatar. Ƙarfin inji da W ake rubuta shi: mai 250W zai kai mutum ɗaya marar kaya, amma in kana ɗauko yaro daga makaranta ko buhun masara a kariya, nemi 350W zuwa 500W.

Sai dai injin wili yana da tarko ɗaya, na kuwa faɗa ciki. Wata rana ƙusa ta huda mini tayar baya, na tura zuwa wajen wani mai faci. Kafin in gama amsa waya ya kwance wilin ya fizgo, wayar injin ta murɗe a bakin ƙarfen. Ya dube ni ya ce, "Wallahi Oga, ban san keken yana da jijiya ba." Facin minti goma ya zama jinyar mako guda. Don haka ka tsuguna ka duba: shin wayar da ta fito daga injin tana da mahaɗin da ake zarewa kusa da wili? In babu, kowane faci fitina ne. Tun daga ranar nake tsayawa a kan mai faci, kuma sau da yawa ana iya zaro tiyub ta gefe a liƙe ba tare da an cire wilin ba.

Girman taya shi ne abin da masu saye suka fi rainawa. Keke mai taya inci 26 tamkar ɗan gari ne, tayarsa da tiyub ɗinsa suna nan wajen masu kayan keke a kasuwar Sabon Gari. Ƙananan nan masu kama da babur, masu rufin roba da taya inci 14 ko 16, suna da kyan gani, mata da ɗalibai na son su. Amma ramukan damina ba sa raga wa ƙaramar taya, robar jikin kuma in ta fashe sai dai ɗauri da waya. Masu ƙatuwar taya suna da daɗi a yashi, sai dai suna shan caji, kuma ranar da tayar ta yage za ka san ka sayi baƙo.

Birki kala uku za ka tarar. Mai matse bakin wili kowa na gyara shi, amma yana sanyi in ya jiƙe, ga keken lantarki da nauyi da gudu. Mai faifai da ke aiki da mai ya fi kowanne kamawa, amma in iska ta shige shi sai gwani. Mai faifai da waya ke ja shi ne tsaka-tsaki, shi nake ba mutane shawara. Ka sayi takalman birki na ajiya tun a shagon, domin siffarsu ta bambanta daga keke zuwa keke.

Sabo, na hannu, ko a ɗora wa kekenka inji? Na hannu ka yi cinikinsa kamar batirin ya riga ya mutu, in ya yi rai riba ce. Kada ka gamsu da zagayen layi ɗaya, a bar ka ka yi tafiya mai nisa ka ga yadda cajin ke sauka. Ɗora inji a keken gida dabara ce mai kyau in firam ɗin ƙaƙƙarfa ne, amma ban da tsohon Raleigh ko Phoenix na Baba mai birkin ƙarfe, ba a ƙera birkinsa don wannan gudun ba.

Gyara kuwa hannu biyu yake so. Sarƙa, boris, birki da wayoyin wili, waɗanda ke yawan sassautawa a wilin inji, aikin mai gyaran keken unguwa ne. Batiri, caja da kwantirola, wato ƙaramin akwatin da ke raba wa inji wuta, sai masu gyaran inbata da sola. Ka san mutum biyun nan kafin ka saya, ka kuma tambayi mai shago ko yana ajiye kwantirolar irin keken. Lokacin hunturu ka riƙa goge sarƙa kafin ka ɗiga mai kaɗan, don mai da ƙura in sun haɗu gurza suke yi. A watan Agusta kada ka kutsa ruwan da ya kai tsakiyar wili, kada kuma ka kai shi wajen masu wankin mota su fesa masa ruwa mai ƙarfi. Tsumma mai laima ya isa.

Ranar da ka kunna, fitila ta kawo, amma ka murɗa totur shiru, kada ka yi saurin yarda cewa inji ya ƙone. A hannun birki akwai ɗan makunnin da ke yanke wuta duk lokacin da ka matsa. Ƙura kan sa hannun ya ƙi komawa daidai, sai keken ya ɗauka har yanzu kana riƙe da birki. Ka tura hannun gaba da yatsa ka sake gwadawa. Ni sai da aka kusa sayar mini da sabuwar kwantirola kafin wani yaro mai koyon gyaran inbata ya nuna mini wannan.