Famfon iska mai tambarin Ex: yadda ya yi mana a hunturu da bazarar Garwa

Muna da ɗan wurin ajiye mai a bayan garin Garwa a Kamaru, inda muke juye fetur da gazuwal, wato dizal, daga durom zuwa tankunan motocinmu da na injunan ban ruwa na manoman bakin Binuwai. Famfon da zan yi sharhi a kansa irin wanda iskar kwamfaresa ke turawa ne, babu lantarki a jikinsa ko kaɗan. Faifan roba biyu ne a ciki, ɗaya na tsotsowa ɗaya na turawa. Daga Duwala aka kawo mana shi, kuma kuɗinsa ya ninka na famfon ban ruwa na kasuwa sau da yawa. Duk da haka, da yau zai lalace, irinsa zan sake saya.

Dalilina shi ne abin da nake gani kullum a gari. Mutane, musamman masu harkar zuwa-zuwa, wato fetur ɗin da ake sayarwa a bakin titi, suna juye fetur da famfon ruwa ko ƙaramin famfon batir, hankalinsu kwance. Alhali tururin fetur ne ke kamawa da wuta, kuma ya fi iska nauyi: yana kwanciya a ƙasa, ya bi kwata, ya taru a rami. Idan ya kai wajen kashi 1.4 zuwa 7.6 cikin ɗari na iskar wurin, tartsatsi ɗaya daga makunni ko kan batir ya isa. Wanda ya tuna gobarar Nsam a Yawunde a 1998, inda fiye da mutum 100 suka rasu wajen kwasar man da ya zube daga taragon jirgin ƙasa, ya san abin da nake nufi.

A wajen aiki ba ni da ƙorafi mai yawa. Yana tsotso da kansa, ba sai an ɗura masa mai a baki ba. Idan durom ya ƙare yaro bai lura ba, ba ya ƙonewa. Idan aka rufe bakin tiyo sai ya tsaya cak, a buɗe ya ci gaba. Wannan kaɗai ya rage mana zubar da mai sosai.

Inda na fi so mai saye ya tsaya shi ne ɗan allon ƙarfen da ke manne a jikinsa. Namu yana ɗauke da Ex a cikin zane mai kusurwa shida, alamar ƙa'idar ATEX ta Tarayyar Turai kan kayan aikin wuraren da tururi zai iya kama wuta, sannan II 2 G, IIB, T4. Wato an yi shi don wurin da tururi kan bayyana jefi-jefi a lokacin aiki, kuma zafin jikinsa ba zai wuce digiri 135 ba. Fetur T3 yake buƙata, digiri 200, don haka akwai rata. Amma ga abin da ba kowane dillali ke faɗa ba: idan ba a rubuta wani abu dabam ba, alkawarin nan na wurin da zafinsa bai wuce digiri 40 ba ne. Kowa ya san zafin Garwa da Marwa da Kusiri kan wuce haka a watan Maris da Afrilu, balle ƙarfen da aka bari a rana tsaka. Shi ya sa muka yi masa rumfa mai shan iska ta kowane gefe, kuma a bazara da sassafe ko bayan la'asar muke juye fetur. Duk mai saye a ƙasarmu ya nemi a nuna masa wannan adadi a rubuce kafin ya ba da sefa ɗaya.

Sai batun wayar da ke sauke lantarki zuwa ƙasa. A hunturu iska ta bushe, fetur na gudu cikin tiyo yana tara lantarkin gogayya, kamar yadda rigar leda ke ƙyas-ƙyas idan an tuɓe ta da dare. Famfon na da wurin ɗaura waya, amma babu wayar a kwalinsa, kuma wannan gazawa ce a wurina. Mai gyaran wutarmu ya kafa sandar ƙarfe, ya haɗa famfo da durom da tankin da ake cikawa. Wani yarona ya taɓa cewa, “Maigida, ai famfon ba ya amfani da wuta, wayar ta mece ce?” Tun daga ranar ba wanda ke buɗe iska sai na ga maƙalin ya ciji ƙarfe tsantsa, ba fenti ko tsatsa ba. Tiyon ma na mai ne na musamman mai sauke lantarki, kuma bakinsa har ƙasan tanki yake kaiwa, a fara a hankali, kada man ya riƙa fantsama daga sama.

Aibobinsa a fili suke. Yana da ƙara, man na fita a tsittsinke, kuma yana cin iska da yawa. Kwamfaresar ita ba ta da tambarin Ex, dole ta zauna nesa, ta ɓangaren da iska ke tasowa, da dogon tiyo a tsakani. Idan faifan roba ya fashe, fetur ta mafitar iska zai fito, don haka muka ja mata bututu zuwa wurin da babu kowa.

Faifan nan ne ya fi ba ni wahala. Ban samu nasa a Garwa ba, sai an aiko daga kudu. Kuma ba kowace roba ke jure fetur ba: mai suna EPDM kumbura take yi, a nemi NBR ko Viton ko Teflon. Wanda zai saya ya haɗa da faifai biyu na ajiya tun a odar farko, ya kuma tabbatar lambarsu ta yi daidai da ta jikin allon famfon.