Santsin cikin bido: ƙwaya mai yawo da ƙwaya mai gida

Hajiya, kin tambaya me ke sa cikin bidonki santsi alhali ruwan famfo kike zubawa, kuma ko kin ɗiga jabel, wato ruwan nan mai kashe ƙwayoyin cuta, bayan 'yan kwanaki santsin ya dawo.

Ƙwayar bakteriya iri ɗaya tana da zama biyu. Akwai mai yawo cikin ruwa ita kaɗai, kamar baƙon da ya sauka a tashar Maradi bai san kowa ba. Akwai kuma wadda ta sami bango ta manne, ta hayayyafa. Santsin da yatsanki ke ji, gidan ta biyun ne.

Mai yawo ba ta da wuyar sha'ani: jabel ya same ta tsirara, ya gama da ita.

Mai gida ita ce matsalar. Da farko riƙonta sako-sako ne, ɗauraya ma na iya cire ta. In aka bar ta sai ta kafe, ta fara fitar da yauƙi mai haɗe da sukari da furotin, kamar yadda magini ke kwaɓa ƙasa da ciyawa. Har saƙo suke aika wa juna da sinadarai, don su san ko sun yi yawan da za su yi aikin gayya. Ribarsu a fili take: ruwa ba ya kwashe su, ba sa saurin bushewa, abinci na maƙalewa a yauƙin. Jabel kuwa ƙarfinsa kan ƙare a saman ginin, na can ƙasa suna kwance kamar masu barci. Shi ya sa wani lokaci sai an ninka magani sau ɗari, har dubu, kafin ya yi musu abin da ya yi wa masu yawo. In wuri ya cika, wasu su ɓalle su koma cikin ruwan da kike sha.

Abin ba na bido kaɗai ba ne. A 1683 Antonie van Leeuwenhoek, mutumin Holan, ya kankaro dattin haƙoransa ya duba a madubin ƙara girma, ya ga halittu na motsi. Ya kuma lura cewa in ya kurkure baki da ruwan tsami, halittun da ke saman dattin kawai ke mutuwa. Asuwaki ya fi kurkura, tun kakanni.

Ni a ganina randa ta fi bido sauƙin wanki, don hannu da soso na shiga. Laifinta moɗar da kowa ke tsomawa. Bido kuwa, tun da bakinsa ƙarami ne, ki zuba tsakuwa mai tsabta da ruwan sabulu ki jijjiga sosai, ki ɗauraye, sannan jabel ya biyo baya, ki kife shi a rana. Wanda cikinsa ya yi kore har ya ƙi fita, a mayar da shi na ban ruwan shuka.