AnyTone AT-D878UV: oba-oba ce mai kyau, amma a kula da gurbin Band Width

Yawancin ƙorafin da ake yi kan wannan oba-oba, wai muryarta ba ta fita ko tana kakkatsewa, ba laifin na'urar ba ne. Gurbi guda ne, wato Band Width (faɗin tasha), a manhajar saita oba-obar ta kwamfuta ake barinsa yadda aka same shi.

Tana aiki a VHF daga 136 zuwa 174 MHz, da UHF daga 400 zuwa 480, tana ɗaukar tashoshi 4000, batirinta 3100 mAh, kuma tana yin analog da DMR (tsarin magana na dijital) duka. Ta wannan fanni ba ta da makusa.

A tashar analog, murya ce ke kaɗa mitar sama da ƙasa, kuma iyakar wannan kaɗawa ita masu gyara ke kira dibiyeshan. In ka zaɓi 25K a Band Width, kaɗawar takan kai 5 kHz kowane gefe. In ka zaɓi 12.5K, sai ta tsaya a 2.5 kHz. Ba a rubuta adadin da hannu, faɗin da ka zaɓa ne ke jawo shi. To, mai 12.5K in ya kira mai 25K, za a ji shi can ƙasa-ƙasa kamar yana raɗa, don ƙarfin sautin ya ragu da rabi, wato 6 dB. In kuwa mai 25K ne ya kira mai 12.5K, muryar za ta fi ƙarfin matatar mai karɓa: da ya ɗaga murya sai ta fashe, wani lokaci lasifika ta ɗauke a tsakiyar kalma. Nan ne mutane ke rugawa su ƙara Mic Gain, wato ƙarfin makirufo, alhali maganin shi ne a daidaita faɗin da na rifita (na'urar da ke karɓar magana ta sake watsa ta nesa) da sauran oba-obar da ke tashar. Mic Gain a bar shi a tsakiya tukuna.

A DMR babu zaɓi. Faɗin 12.5 kHz ne, an raba shi gida biyu na lokaci, kowane 30 ms, kaɗawar kuma matakai huɗu ce tsayayyu: 648 Hz da 1944 Hz, sama da ƙasa. Masana'anta ce ke daidaita wannan, kuma wanda ba shi da na'urar awo kada ya taɓa. In murya ta koma kamar ta mutum-mutumi ta hanyar hotsfot na MMDVM, ƙaramar na'urar da ke haɗa oba-oba da intanet, sau da yawa mitar hotsfot ɗin ce ta ɗan goce. A Pi-Star, manhajar hotsfot ɗin, sai a riƙa matsa RXOffset (gurbin gyara gocewar mita) da 100 Hz, ana danna magana ana duba BER, wato yawan kuskuren da ke cikin saƙon, har ya sauka ƙasa da kashi 1 cikin 100. In kuma shiru ne gaba ɗaya, a duba ko Color Code (lambar shaidar tasha) da Slot (wane gida cikin biyun nan na lokaci) sun yi daidai da na rifita ko hotsfot.

Kafin a canja komai, a karanto saitin da ke cikin na'urar, a adana fayil ɗin .rdt a gefe. Dole sigar manhajar ta yi daidai da sigar da ke cikin oba-obar. Wayar saiti ma ta AnyTone ake so. Ta Baofeng bakinta zai shiga, amma ba za ta yi aiki ba, don akwai cif, wato ƙaramin guntun lantarki, a cikinta.

Abin yabo shi ne ana iya fitar da tashoshi zuwa fayil ɗin jadawali na CSV, a gyara layin Band Width na tashoshi ɗari a Excel cikin minti biyu, a mayar. Inda manhajar ta gaza kuwa, ba ta gargaɗi ko kaɗan in ka sa 25K a tashar da tazararta 12.5 ce, sai dai maƙwabtan tasha su kawo kuka cewa kana malalowa cikin tasu. Tashoshin haɗaka masu analog da dijital tare, irin A+D TX A, sun fi kowa faɗawa wannan rami, don ana ɗaukarsu na dijital a manta ɓangaren analog ɗinsu yana bin Band Width.