Asibitin jini a gefen Bantama: likita ta iya bayani, jiran sakamako sai haƙuri

Ƙaramin asibiti ne mai zaman kansa a nan Kumasi, can muka kai ɗan yayata daga Aboabo da dasashinsa ya riƙa zubar da jini, jikinsa duk tabo baƙi-baƙi. Mun zaci shawara ce. Gwaji ya nuna jajayen ƙwayoyin jini, farare, da masu daskarar da jini duk sun yi ƙasa.

Ɗibar ɓargo suka yi daga ƙashin ƙugu ta baya, bayan allurar kashe zafi. Yaron ya cije haƙora, amma ba a daɗe ba.

Abin da ya saye ni shi ne likitar. Ta juyo mini da kwamfuta, hoton ɓargon duk ramuka farare. "Baba, wannan kitse ne, ya cike gurbin da jini ke tsira." Ta ce ɓargo kamar gona ne: akwai iri, wato uwayen ƙwayoyin jini, akwai kuma ƙwayoyin da ke riƙe su suna ciyar da su. A wannan cuta, aplastik anemiya, galibi garkuwar jiki ce ke afka wa irin, masu renon ma sukan raunana su karkata ga zama kitse. Shi ya sa maganin ƙarin jini na kemis ba ya komai, sai irin su siklosporin masu danne garkuwa, ko dashen ɓargo.

Inda suka gaza: sakamako ya yi jinkiri, waya ba a ɗauka. Kuɗin ma da zafi, kuma sai ka biya kafin a taɓa ka. Suna karɓar MoMo dai, wato biyan kuɗi ta waya.